Yadda ake daidaita launi a hoton mutum da babbar kyamarar fim ta 4x5

Hoton farko da na ɗauka da fim mai launi a kyamarar 4x5, wato mai ɗaukar hoto a fallen fim mai inci 4 da 5, na wani ango ne, ɗan unguwarmu. Na zaunar da shi a gindin darbejiya saboda inuwa, ya sha farar shadda da hula, ni kuma na cusa kai ƙarƙashin baƙin ƙyalle ina ta murna da abin da nake gani a gilashi. Da fim ya fito, shaddar ta yi kore-kore saboda ganye, goshinsa ya ɗauko shuɗin sama, ƙarƙashin haɓarsa kuma ya yi ja saboda jar ƙasar wurin. Launi uku a hoto ɗaya. Na kwana biyu a gaban kwamfuta: in na kashe koren, jan ya tashi, in na danne jan, fuskar ta koma kamar ta majinyaci.

Wayar hannunka tana duba haske ta gyara fari da kanta. Fim bai san wannan ba. An gina shi a kan haske iri ɗaya, duk abin da ka ba shi kuma shi zai riƙe. Don haka yawancin aikin launi ana gama shi ne kafin a danna shota, kwamfuta ƙarashe kawai take yi.

Kayan da za ka tanada

Kyamarar 4x5 da ƙafafunta uku, da idon kyamara mai tsawon 180mm zuwa 240mm. Ni 210mm na fi ɗauka in fuska da kafaɗa nake so.

Fim. Mai koyo ya fara da nagatif, fim ɗin da launinsa ke fitowa a juye sai an mayar da shi, kamar Kodak Portra 160 ko Portra 400, da ake sayarwa falle 10 a kwali. Ektar 100 yana da zafin launi, yakan ƙara wa fata ja, ka bar shi sai ka goge. Fim ɗin silaid, wanda hoton ke fitowa a kansa kai tsaye da launinsa, irin su Ektachrome E100 da Provia 100F, kyansa ba a magana, amma ba ya yafiya ko kaɗan.

Mitar haske mai farin ƙoƙo a kai, wadda ake kaiwa gaban fuskar mutum a auna hasken da ke sauka a kanta.

Katin toka mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske. In da hali ka sami ColorChecker, mai gidajen launi 24 da jerin toka daga fari zuwa baƙi a layin ƙasa.

Filtoci, wato gilasai masu launi da ake sawa a gaban idon kyamara: 81A da 81B don ɗumama launi, 80A don fitilar tangistin mai zaren wuta a ciki, CC30M don doguwar fitilar fulorasan.

Farin allo na mayar da haske, baƙin yadi kamar yadi biyu, farin zanin gado, awon tela, da littafin rubutu.

In kai za ka wanke: magungunan C-41 na wanke nagatif mai launi, tankin da ke ɗaukar falle, ma'aunin zafi mai gaskiya, da kula ko babbar roba ta ruwan ɗumi. Sai sikana irin Epson V700 ko V850.

Ɗan lissafin da ba makawa

Ana auna launin haske da Kelbin, ana rubuta K. Lamba ƙarama ja ce, babba shuɗi. Duk fina-finan da na ambata an saita su a 5500K, wato rana tsaka ko filasha. Fitilar tangistin ta situdiyo 3200K ce, tsohon ƙwan fitila na gida wajen 2700K, ranar da gajimare ya rufe wajen 6500K, inuwar da ke kallon buɗaɗɗiyar sama kuma takan kai 7500K ko fiye.

Don zaɓen filta, a raba miliyan ɗaya da Kelbin. Abin da ya fito sunansa mayad. 5500K ya ba da 182. 3200K ya ba da 312. Tazarar wajen 130 ce, kuma 80A an yi ta ne ta cike 131. Ranar gajimare 154 ce, tazara 28, ga 81B mai 27. 81A kuwa 18 take ƙarawa. Ka ga ke nan ba duba ba ne, ragi ne kawai.

Akwai layi na biyu da Kelbin ba ya gani: kore da majenta, wato ja mai garwaye da shuɗi. Nan fulorasan, da LED mai araha, da ganyen itace suke yin ɓarnarsu.

"Sitof" kuma, duk inda na faɗa, ninka haske sau biyu ne ko raba shi biyu.

1. Kula da fim tun kafin ranar aiki

Zafi yana cin launin fim a hankali, kuma ba ya cin shimfiɗunsa uku, mai karɓar ja da mai karɓar kore da mai karɓar shuɗi, daidai wa daida, shi ya sa tsohon fim ke karkata zuwa wani launi. Kodak na ba da shawarar a ajiye fim irin wannan a 13°C ko ƙasa da haka. Ka sa kwalin cikin leda mai rufewa, ka sa a firji. Ranar aiki ka fito da shi aƙalla awa biyu kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa ta kwanta a kan fallen. Inda wuta ba ta zama, kada ka sayi fiye da abin da za ka ɗauka cikin 'yan makonni, ka ajiye a ɗaki mafi sanyi, can ƙasa, nesa da rufin kwano. Kuma kada ka bar gidan fim, wato ɗan akwatin da ake loda falle a ciki a zura a bayan kyamara, a cikin mota da rana.

In wani zai taho maka da fim ta jirgi, ya riƙe a hannu ya nemi a duba da ido. Sabbin na'urorin CT na filayen jirgi suna iya lalata fim a wucewa ɗaya.

Wajen lodi cikin duhu: in ka riƙe fallen a tsaye, 'yan tsage-tsagen gefensa suna sama ta dama, to fuskar fim na kallonka. In ka juya shi baya, haske zai ratsa ta bayan fim, hoton ya fito jajawur kuma da duhu. Aiki ɗaya, kwali ɗaya. Kada ka gauraya sabo da wanda ya shekara.

2. Zaɓi wuri mai haske iri ɗaya

A nan aka fi faɗuwa, a nan kuma zan daɗe.

Filta tana gyara launi ɗaya ne a kan hoton gaba ɗaya. In hasken taga yana dukan kuncin dama, ƙwan fitila yana dukan na hagu, babu filtar da za ta raba musu gardama. Ka kashe ɗaya. In a ɗaki kake kusa da taga, kashe duk fitilun ɗakin, har wadda kake ganin ba ta da ƙarfi.

Sannan ka dubi abin da ke kewaye da mutumin, domin duk abin da haske ya taɓa ya dawo, da launinsa yake dawowa. Katangar jar ƙasa, koren fenti na shago, kanofin biki mai ruwan ɗorawa ko shuɗi, darduma, tabarmar roba, har rigar da kai mai hoto ka sa in ka matso kusa. Kanofin biki dai ka guje shi kamar wuta.

Ga dalilin da ya sa wannan ya fi damunmu. Fata tana mayar da haske iri biyu: wanda ya ɗan shiga cikinta ya fito da launinta, da wanda ya zame a samanta kamar a madubi, wato sheƙi. Sheƙi ba ya ɗaukar launin fata, launin abin da ya hasko shi yake ɗauka. Baƙar fata tana shanye kaso mai yawa na nau'in farko, don haka sheƙin ne ke zana goshi da karan hanci da kumatu. In sama ce shuɗiya a gabansa, goshin zai yi shuɗi. In ganye ne, kore. Mai wankan tarwaɗa abin ya ɗan yi masa sauƙi, amma bai tsira ba.

Maganin shi ne ka zaɓa wa fatar abin da za ta kalla. Wurin da na fi so shi ne bakin zaure ko ƙarƙashin baranda mai farar silin: mutum yana ciki kaɗan, rufi ya tare shuɗin sama, haske yana shigowa daga gaba. Ka shimfiɗa farin zanin gado a ƙasa gabansa ya kashe jan da ke tasowa. Gefen da katanga mai launi take, ka rataya baƙin yadi. Gefen inuwa, ka kawo farin allo kusa har ka ga kuncin ya buɗe. Allo mai ruwan zinari da ake yawan so wa baƙar fata, ni ban cika son sa a fim ba, yana sa rabin fuska ya yi ruwan lemo alhali ɗaya rabin bai yi ba. In babu allo, farin kwali ko farar takardar kalanda ta baya ta isa.

Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe situdiyonsa a 1948, yawancin hotunansa da hasken rana ya ɗauke su a tsakar gida, a kan nagatif mai santimita 13 da 18, da yadi rataye a baya. Nasa baƙi da fari ne, amma tsarin nan na tsakar gida da yadi har yau shi ne mafi sauƙi ga mai fim mai launi.

Lokacin hunturu, hazo yana tausasa rana, abin da fuska ke so ke nan, sai dai yakan ja haske zuwa rawaya, musamman da yamma. Kada ka ɗora filta mai ɗumamawa a kan wannan.

3. Auna launin hasken

Akwai mitar launi, irin Sekonic C-800, amma tsadarta ta fi ƙarfin mai farawa. Ga hanyar da ba ta cin ko sisi in kana da kyamarar dijital. Ba mutumin katin toka ya riƙe dab da fuskarsa yana kallon kyamara. Ɗauki hoto a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, buɗe a manhajar Lightroom ko darktable, taɓa katin da abin gyara fari, ka karanta Kelbin da lambar kore ko majenta. In kana sauri, ka kafe dijital ɗin a saitin hasken rana ka ɗauka ka duba. Kusan abin da fim zai gani ke nan.

Kada ka yarda da idonka a nan. Minti biyu a cikin ɗaki mai jan haske sun isa ido ya saba, ya ce maka komai fari ne.

4. Yanke shawarar filta

Da nagatif, in hasken yana tsakanin 5000K da 6500K, ba na sa komai. Wajen sikanin za a gyara ba tare da asara ba. A inuwa mai shuɗi sosai ina sa 81B. A tangistin kuwa 80A dole ce. Wasu za su ce maka a bari a gyara a kwamfuta. Matsalar ita ce hasken tangistin ba shi da shuɗi sosai, shimfiɗar fim mai karɓar shuɗi takan tashi da yunwa, abin da ba ta ci ba kuma ba za ka ciro shi daga baya ba. Sai inuwa ta yi datti, ƙwayar fim ta fito. In babu 80A, ƙara hasken sitof ɗaya ko biyu a nagatif yana rage ɓarnar.

Da silaid babu wannan rangwame. Fallen da ka ɗauka shi ne hoton, don haka tazarar mayad 18 ma ana ganinta. 81A ta zauna a aljihunka.

Kowace filta tana da kuɗinta: 81A da 81B sulusin sitof, CC30M wajen kashi biyu cikin uku, 80A sitof biyu cur. Wato Portra 400 ya koma kamar 100.

Gargaɗi biyu. Fitilar tangistin a kan janareta ko wuta mai rauni tana ƙara yin ja in ƙarfin wuta ya sauka, don haka ka sake aunawa dab da ɗauka. LED mai araha kuma, ko an rubuta 5500K a kwalinta, takan rasa jan da fata ke bukata, mutum ya fito toka-toka. Tsakanin ita da taga, zaɓi taga. Filasha ma aminiya ce, launinta ya dace da fim.

Ka duba idon kyamararka ma. Wasu tsofaffi, irin Kodak Aero Ektar, gilashinsu ya rine ya yi rawaya da shekaru. Ɗora shi a kan farar takarda ka leƙa. Kuma kullum ka yi masa inuwa da hula ko da marfin gidan fim, domin hasken da ya kutso ta gefe yana zuba launinsa cikin duhun hoton.

5. Auna yawan haske, ka biya zugazugi haƙƙinsa

Ƙarancin haske shi ne babban maƙiyin launi a nagatif. Inuwa ta yi kore ko shuɗi mai laka, baƙar fata ta rasa ɗuminta. Don fim ya sami ƙarin haske, ni Portra 400 ina saita mita a 250, Portra 160 a 100. Ina kai mitar ƙarƙashin haɓa ta gefen inuwa, ƙoƙon yana kallon kyamara. Silaid kuwa a lambar kwalinsa, a auna gefen haske, rabin sitof ma kuskure ne.

In mitarka mai auna abin da ya dawo ce, kada ka nuna ta ga farar shadda, za ta sa ka rage haske fuskar ta nutse. Nuna ta ga katin toka.

Yanzu abin da ya keɓanta da babbar kyamara. In ka matso don ɗaukar fuska, zugazugin, wato naɗaɗɗen jikin da ke tsakanin idon kyamara da fim, yana miƙewa, haske yana raguwa a hanya, mita kuma ba ta sani ba. Ɗauki awon tela ka auna daga gilashin baya zuwa allon da idon kyamara ke kai. Raba da tsawon idon, ka ninka amsar da kanta. Abin da ya fito, sau nawa ke nan za ka ninka haske. Da 210mm: in ya miƙe 250mm, ka ƙara rabin sitof, 300mm, sitof ɗaya, 420mm, sitof biyu.

Misali: mita ta ce buɗin ido f/11, shota a 1/60 na daƙiƙa. Zugazugi 300mm, sai ka koma 1/30. Ka sa 81B, sai ka ƙara buɗe ido da sulusi.

Lokaci ma yana da iyaka. Portra ba ya bukatar gyara har zuwa daƙiƙa 1. Bayan nan launi na iya fara zamewa. E100 yana kai daƙiƙa 10. Ko ba don fim ba, da wuya mutum ya tsaya cak fiye da rabin daƙiƙa.

6. Ɗauki katin

Falle yana da tsada, na sani, amma falle ɗaya da kati yana ceton tara. Ya riƙe katin a gaban ƙirji, a hasken da ke kan fuska, ba tare da ya karkata ya yi sheƙi ba. In ba ka son ɓata falle, 4x5 yana da fili: maƙala katin a can gefen hoton inda za ka yanke daga baya, muddin hasken wurin ɗaya ne da na fuska. Haske ya canza, a sake kati.

Kada ka maye gurbinsa da farar riga. Farar shadda da yawancin farar takarda suna da sinadarin da ke sa su ƙyalli da shuɗi a hasken rana, wata rigar ma an sa mata bula. In ka saita fari a kanta, fuskar za ta rine da rawaya.

Rubuta lambar gidan fim, wuri, lokaci, filta, da saitin da ka yi. Juya marfin gefen baƙi waje, alamar an ɗauka.

7. Wanki

Ƙananan injinan wanke hoto an yi su ne don fim na naɗi, falle ba ya shiga, don haka ko ka aika inda suke karɓar falle ko ka wanke da kanka. Tankin SP-445 yana ɗaukar falle 4, MOD54 a cikin tankin Paterson yana ɗaukar 6. Kada ka bar fim ɗin da ka ɗauka ya yi watanni a zafi yana jira.

Ƙa'idar C-41 ita ce ruwan farko, wato maganin da ke fito da hoton, a 37.8°C na minti 3 da daƙiƙa 15. Wasu magungunan gida suna da nasu lokacin, ka bi takardar da ke cikin kwalin. Abin da ba a sassautawa shi ne zafin ruwan farko. Shimfiɗun fim uku ba sa nuna tare. In zafi ya sauka, wata ta riga wata, sai haske ya karkata zuwa launi ɗaya, inuwa ta karkata zuwa kishiyarsa. Wannan saɓani ba ya gyaruwa da murɗa abu ɗaya.

Cika kula da ruwa mai ɗumin 39°C, ka jera kwalaben da tankin a ciki har su ɗauki zafin. Auna cikin kwalbar, ba ruwan kula ba. Tsakanin juyi da juyi, mayar da tankin cikin ruwan. Da bazara abin yana da sauƙi tunda ɗakin kansa da zafi. Da sanyin safiyar hunturu kuwa zafi yana gudu, ka jira rana ta ɗaga. Digo ɗaya na ruwan biyu a cikin na farko yana lalata shi, don haka kowane da mazubinsa. Fallen kati ya shiga wanki ɗaya da 'yan uwansa. Shanya a banɗaki bayan ka yayyafa ruwa ƙura ta kwanta.

8. Sikanin da gyaran ƙarshe

Kashe duk wani gyara na kai-da-kai da sikana ke yi. Injin yana neman matsakaici ne: ya ga baƙar fuska sai ya haskaka ta har ta yi fari-fari, ya ga jan mayafi sai ya zuba wa fuska shuɗi-kore don ya rama. Abin yana da tarihi. Tun shekarun 1950 Kodak ke raba wa masu wanke hoto katin gwaji mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, da fatarta ake saita injin. Sai a shekarun 1990 aka fitar da mai mata masu launin fata daban-daban. Portra na yau ba shi da matsala da fatarmu, amma hukuncin launi kada ka bar wa inji.

Yi sikanin a bit 48, ka ajiye a TIFF, ka haɗa da ɗan gefen fim da haske bai taɓa ba. Nagatif yana da rini mai ruwan lemo a jikinsa. Daga wannan gefen manhaja ke gane shi ta cire. Negative Lab Pro, SilverFast, VueScan, ko negadoctor na cikin darktable wanda kyauta ne, duk suna yi.

Fara da fallen kati. Dubi toka uku: mai haske, matsakaici, mai duhu. A kowanne, lambobin ja da kore da shuɗi su zo kusan ɗaya. In ukun sun karkata gefe guda, abu ne mai sauƙi. In mai haske ya yi majenta mai duhu ya yi kore, saɓanin nan ne, sai ka gyara lanƙwasar kowane launi daban, ka kuma koma littafinka ka nemo inda aka yi kuskure. In ya daidaita, kwafi saitin zuwa sauran fallayen.

Daga nan ka bar lamba ka dubi mutum. Kati ya kai ka tsaka-tsaki, amma fuska takan so ɗan ɗumi kaɗan a kan haka. Auna a kunci inda babu sheƙi da hoda: kowace irin fata, lambar ja ce a sama, ta kore a tsakiya, ta shuɗi a ƙasa. In shuɗi ya kamo kore, fatar ta yi toka. In ja ya yi nisa, ta yi kamar bulo. Duba leɓe, tafin hannu, da lalle in akwai, su ne ke saurin tona asiri. Amarya mai hoda kuwa ka auna a wuya ko hannu ma, don hodar da fatar ba lallai fim ya gan su iri ɗaya ba. Kuma kada ka haskaka mutum ya wuce yadda Allah ya yi shi, ko da ya roƙa. Ka buɗe inuwa, ka bar launin.

Allon kwamfutarka ya zama a 6500K, ka kashe saitin dare mai sa allo rawaya, kada ka yi aikin a ɗaki mai koren fenti. Ka tashi ka sha ruwa ka dawo kafin ka ce ya yi.

9. In a takarda za ka buga da hannu

Takardar RA-4, wato takardar buga hoto mai launi daga nagatif, ana wanke ta a 35°C na daƙiƙa 45. A kan injin faɗaɗawa, bar maɓallin shuɗi-kore a sifili, ka yi aiki da rawaya da majenta kawai. Ƙa'idar tana rikita mai koyo don a juye take: hoto ya yi rawaya, ƙara rawaya, ya yi majenta, ƙara majenta, ya yi ja, ƙara duka biyun. Ya yi shuɗi, rage rawaya. Ya yi kore, rage majenta. Ya yi shuɗi-kore, rage duka biyun. Fara da tsalle na 10, sannan 5, sannan 2. Canza abu ɗaya a kowane gwaji, ka rubuta lambobin a bayan takardar. Jiƙaƙƙen hoto yana yaudara da shuɗi, don haka ka busar da shi tukuna, ka fita da shi bakin ƙofa ka duba a hasken rana, da katin tokar a ɗaya hannun.